Na Goma

Ranar Asabar lif ɗin gidanmu
ba ya jiran yatsan kowa.
Shi kaɗai yake tsayawa a kowane hawa,
ya buɗe baki, ya jira, ya rufe,
kamar tsohon da ya manta abin da ya zo faɗa.
Ni Bluma, hawa na biyar, taga mai kallon titin Van Horne,
nakan shiga mu sauka tare a hankali.
Saurin me? Shekara tamanin da shida
sun ishe ni sanin ƙasa ba ta gudu.

Jiya da faɗuwar rana muka kunna kyandir,
mai batir, don an hana mu ashana
tun ran da labulen Perla ya kama.
Na rufe ido da tafin hannu yadda uwata take yi,
albarkar ba ta tambayi batir ba, ta sauka.
Ga burodi mai kitso, ga miyar kaza lami
saboda hawan jinin mutum arba'in.
Perla na da gishiri a jakar hannu,
ƙarƙashin tebur yake yawo kamar kayan sumoga.

Yau Leibush zai yi wa Gitel addu'a,
shekara guda cif da tafiyarta.
Addu'ar ba ta tashi sai maza goma sun tsaya.
Mu ba ma ƙirga mutum kai tsaye, sai a ce
ba ɗaya ba, ba biyu ba,
aka yi ta yi har ba tara ba, aka yi shiru.
Zalman na asibiti an sa masa sabon ƙugu.
A waje ƙanƙarar Montreal ta kai gwiwa.
Leibush ya riƙe littafi, bai buɗe ba.

Ni da ba a ƙirga ni, ni aka aika.

Hawa na uku, ƙofar ƙarshe: Zelig tela,
shekara arba'in yana yanka kwat a St-Laurent.
Tun yana ɗan tara suka yi hannun riga da Ubangiji.
Bai taɓa faɗin dalili ba, ba mu tambaya ba,
mun dai ga ko ana zafi ba ya naɗe hannun rigarsa.

Ya ce, ba na magana da Shi.
Na ce, wa ya ce ka yi magana? Tsayuwa ce.
Ya ce, Leibush na yi min maguɗi a karta.
Na ce, Gitel fa? Wa ke ajiye maka ƙwai biyu
a bakin ƙofa duk hunturun da ka kwanta?
Ya harare ni. Ya jawo keken dogarawa.

Lif ya tsaya a na biyu, ba kowa,
ya tsaya a na ɗaya, ba kowa,
Zelig na tsaki a kowace tsayawa.

Aka ɗora masa 'yar hular aro, ta karkace.
Ya tsaya can baya kusa da injin shayi,
baki a ɗinke, ido a kan silin.
Muryar Leibush ta fita tana ɗingishi,
maza takwas suka tallafe ta da amin.
Na goman bai ce komai ba.
Ni dai na ga maƙogwaronsa ya motsa.

Bayan nan kifi mai tsami, da ɗan abin ɗumama ƙirji.
Zelig ya kama gaban rigar Leibush da yatsa biyu:
wannan maɓallin saura zare ɗaya,
tun da ta tafi ba mai duba ka.
Kawo min gobe.
Leibush ya ce, me ya hana yau?
Zelig ya gyara hular aro, ya ce,
yau Asabar ce, jahili.