Bakin Tsuntsu

Shekara ashirin ina feɗe nama a Tawa,
ina shafa labu, ina shanya kilishi,
na ƙosar da direbobin Agadas da na Ƙonni,
sai ga ni, Arzika, loma ɗaya ta gagare ni.

Ba a wuya take tsayawa ba.
Can ƙasa, bayan ƙashin ƙirji,
kamar baƙon da ya yi sallama sau uku,
masu gida na ciki, sun ƙi amsawa.

Na koyi dabaru:
in miƙe tsaye, in ɗaga hannuwa,
in kora da ruwa moɗa biyu,
in zagaya tsakar gida kamar mai cigiyar allura.
Da dare abin da na ci da azahar
ya dawo bisa matashi, ko tsami bai yi ba.
Zariyar wandona kullum ƙara tsawo take.

Aka ce sammu ne na abokan sana'a.
Na sha rubutu.
Shi ma ya tsaya a hanya.

A Yamai lokotoro ta ba ni farin ruwa
mai kauri, kamar an dama alli,
ta ɗauki hoto, ta ɗaga shi ga fitila.
Hanyar abincina ta kumbura kamar salka,
ƙarshenta ya tsuke, bakin tsuntsu sak.
Ta ce ƙofar tumbi ce ta daina buɗewa,
jijiyoyin da ke yi mata magana sun yi shiru,
kuma ba su dawowa.
Ko a hura balan-balan a buɗa ta,
ko a tsaga naman zoben, kaɗan, a tsaye.

Tsaga nama? Wannan kam na sani.
Na tambaye ta wa ke wasa mata wuƙa.
Ta yi dariya.

Huda biyar a cikina, ƙanana.
Ruwa tukuna, sannan kunu, sannan fura tsararo.
Ranar da tuwo ya wuce
na hana Tsahara magana,
ina sauraren saukarsa
kamar guga a rijiyar Adar:
igiya ta yi ta tafiya, ta yi ta tafiya,
sai can.

Yanzu yara su ci, su wanke hannu,
ni ina loma ta bakwai.
Gadona bulo biyu ta wajen kai,
ƙwannafi kan leƙo wani dare.
Da yamma nakan ɓalli kilishi kamar farce,
in tauna shi har ya gaji,
mai saye na tsaye da kuɗinsa,
in ce masa, dakata, baƙona na shiga.