Ɓawon Albasa

Litinin, kasuwa ta watse tun jiya,
na kai Tsahara asibitin Tawa.
Ta ɗora haɓa bisa ƙarfe mai sanyi,
haske ya leƙa can ƙuryar idonta.

Likita ya juyo mana da allo:
tantani bisa tantani.
Na ce, ai wannan albasa ce,
shekara arba'in ina noma ta a Galmi.

Ya yi dariya. Ya ce shekaru ke ɓare shi
sannu-sannu, ba a jin zafi.
Na mata kuwa, a tsakiya,
ya ɗan fi na maza siranta.

Aka auna nawa.
Ya fi nata kauri.
To, mi ya amfana mini?
Ita ke zura zare a allura da magariba,
ita ta hango jinjirin wata bara
ina ta laluben sama.

A mota ta yi barci bisa kafaɗata.
Na tuna albasar rudu:
ɓawon waje ya bushe, iska ta ɗauke,
amma wanda ya yanka cikinta
har yau sai ya yi hawaye.