Shuɗin Ɗan Aike

Da sassafe Sista Rifkatu ta nuna mini 'yar kwalba,
ruwan ciki shuɗi ne shar,
ya fi bular da nake sa wa fararen kayan makarantar Adda.
Na ce, wannan na rini ne ko na magani?
Ta ce, ba ya warkar da kowa, Malama,
ɗan aike ne, hanya kawai ya sani.

Dakta Lamuwa ya jawo kujera,
ya juya katin asibiti, ya yi zane a bayansa:
ga nono, ga ƙullutun, ga hammata,
tsakaninsu magudanai sirara da ido bai gani,
kaluluwa a jere kamar tashoshin mota.
Ya ce, in cutar ta kama hanya
a tashar farko za ta fara sauka.
Mu ba mu san wacce ce ta farkon ba.
Shi zai bi sawu, ya shafa mata launi.

Shekara ashirin da biyu ina koyar da taswira a Kumo,
ina nuna wa yara da tsinken alli
yadda ruwan tudu ke neman Gongola,
yadda Dadin Kowa ke tare shi.
Ashe da koguna nake yawo a ƙarƙashin riga,
ban taɓa zana ko ɗaya ba.

Sai Goggo Dudu ta faɗo mini a rai.
A lokacinta ba a aiken kowa,
hammatar aka share tas, kamar rumbu bayan bazara.
Ta rayu, alhamdulillahi,
amma hannun ya cika, ya yi nauyin taɓarya,
har maƙeri aka kira ya yanke awarwaronta.
Shekara tara ni ke ɗaura mata ɗankwali.

Don haka da suka tura gadon
fitilun silin suna wuce ni ɗaya bayan ɗaya,
bayan na yi salati, da kwalbar na yi magana.
Na ce, kai baƙo ne, ka shiga da sallama.
Kada ka tsaya kallo a hanya.
Kada ka rufa mini asiri,
kada kuma ka yi wa mara laifi ƙazafi.
Hannun damana ne, da shi nake riƙe alli.

Na farka da la'asar, maƙogwaro a bushe.
Biyu muka ɗauka, in ji likita,
biyun da suka yi shuɗi. Sauran suna nan.
An sa su a roba da sunana a jiki,
sun tafi ɗakin bincike, amsa sai kwana goma.

Da dare na shiga bayi, fitsarina ya fito kore,
na ƙwala wa Rifkatu kira.
Ta yi dariya har da riƙe ƙofa:
ɗan aikenki ne ke komawa gida.

Yau kwana shida.
Ina tafiyar da yatsu a bango kamar gizo, yadda aka koya mini,
jiya sun kai tsayin taga, yau sun ɗan wuce.
Gefen ɗinkin akwai tabo shuɗi, faɗin kwabo,
sabulu ya ƙi fitar da shi.
Adda ta ce in rufe.
Na ce bar shi,
ban ji saƙon da ya kawo ba tukuna.