Ɗan Jakara Ya Bar Gurasa

Ran Talata, asibitin Nassarawa,
likita ta dubi takardata, ta dube ni:
"Malam Tanimu, suga ya kafa rumfa a jininka.
Bar tuwo, bar shinkafa, bar fura da kunu,
bar gurasa."
Nan na ɗago kai.
Gurasa? Ni da aka yaye da bandashe a Jakara?
"To me zan ci?"
Ta ce, "Mai, da ganye, da nama.
Ka dawo mini bayan wata uku."

Satin farko ƙwai da safe, ƙwai da rana,
ƙwai da dare, har kajin gida suka fara hararata.
Baraka ta ce, "Wannan ba ci ba ne, horo ne.
Ɗauko jaka, mu shiga gari."

Abbatuwa da sassafe, ƙuda bai farka ba.
Na-Hantsi ya sare ƙashin cinya gida biyu,
ɓargo ya leƙo, fari, yana ƙyalli.
"Da can gyara nake sa shi," in ji shi,
"yau ga mai saye Allah ya kawo."
Ya yanko tozo, ya haɗa da jelar sa,
ya ce a bar su kan wuta har su daina gardama.

Yankaba ta ba mu zogale da rama,
yalo, kabeji, da fiya mai laushin kakide.
Rimi ta ba mu riɗi da agushi
da daddawa mai sanar da maƙwabta.
Jebbu ta sauke ƙwarya a bakin titi,
man shanunta na Gezawa
in ya sha albasa a kasko
har mai azumin nafila sai ya yi tunani.

A Sabon Gari Mama Nkiru ta gasa kifi,
ta zuba man ja kan ganye har ya yi duhu.
Na ce, "Da me ake kai wannan ciki?"
Ta miƙo cokali. "Da wannan. Kunyar me?"

Sun ce kowa ya ci tuwo da ni miya ya sha.
To, yau ni ne mai shan miyar,
kuma ban ga an cuce ni ba.

A Kwari, da azahar, bayan an rufe tilar atamfa,
su Ɗanliti suka baje tire, na buɗe kulata:
kwaɗon zogale ya sha ƙuli da man gyaɗa,
tozo a gefe, ɓarin kwakwa a aljihu.
"Tanimu ya zama ɗan gayu," suka ce,
"abincin masu kuɗi, ba tuwo sai romo."
Kafin in wanke hannu
yatsu huɗu sun riga ni cikin kwanon.

Ba zan ɓoye ba, aljihu ya riga ni ramewa.
Mudun masara ba ya tsada kamar tozo,
wata ranar gyaɗa ce kawai da ruwan sanyi.
Wandona dai ya fara neman sabon mazugi,
barcin bayan la'asar ya sake ni.

Jiya na bi ta Jakara, ba da niyya ba.
Tanderu na huci, hayaƙi ya san sunana.
Iya Ladidi ta ce, "Ɗan nan, ka yi fushi da mu?"
Na sayi biyu, na ce na jikata ne.
Na rungumo su da zafinsu har gida,
kamar mai ɗauke da jaririn wani.

Ummita ta ci, mai na bin haɓarta.
Ni kuwa na dangwali ƙuli da yajin da ya rage a leda,
na lashe yatsa,
na daɗe ban haɗiye ba.