Rufin Boksin Baba

A Gadarif, bayan an kaɗe riɗi,
na ja boksin Baba ƙarƙashin darbejiya,
na wangale ƙofofinta kamar mai shirin fiɗa.
Shekara da shekaru ƙyallen rufinta ya saki,
ya yi tumbi, in na faɗa rami ya shafi kaina
kamar makauniyar kaka mai laluben jika.

Baba bai taɓa canza shi ba.
Da fil yake tare shi, da ƙananan ƙusoshi,
har da tsinken kitson Inna.
Na ƙirga, talatin da bakwai.
Yakan ce, "Motar da ke kai buhu kasuwa
ba lalle za a sa mata ba."

Usta Makki ya yanko min yadi ruwan toka,
da soso, da gwangwanin gam mai hawa kai.
Ya ce, "Kankare tsohon tas.
Ka bar ko ɗan gari, sabon ba zai kama ba.
Zafin garin nan ba ya rufa wa mai ha'inci asiri."

Na kwance madubi, na cire makaran rana,
da fitilar da ta mutu tun ina ɗan kamasho.
Sukurori na zuba a kofin shayi
kada tsagar laka ta haɗiye su.
Da na fizga, ruɓaɓɓen soso ya zubo
ja-ja-ja, kamar yajin agashe,
ya cika min gira, ya shige hanci.
Rumaisa na bakin ƙofa tana dariya
tana ƙirga atishawata.

Can daidai kujerar direba
ga wani baƙin da'ira, faɗin faifai,
inda hularsa ta yi ta goga
daga gona zuwa ma'auna, daga ma'auna zuwa gida.
Bayansa kuma, a manne da ƙarfe,
ƙullin leda.
Dinarori ne, na da, waɗanda ko mai gyaɗa ba ya karɓa yau,
da 'yar takarda, ajaminsa mai karkata:
"Na taya. Kada a taɓa."

Sai na zauna a ƙasa.
Na tuna daren damina a hanyar Doka,
taya ta fashe, safaya ta sace,
muka kwana sauro na rabonmu,
yana juye aljihu yana rantsuwa ba ko sisi,
da safe ya tafi neman rance a ƙafa.
Ashe kuɗin na bisanmu, taƙi ɗaya.
An ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba,
namu a sama yake, Baba,
kai ka ɓoye, kai ka manta.

Na kankare har la'asar ta sauka.
Na shafa gam, na jira ya yi danƙo.
Rumaisa ta riƙe gefe,
ni ina lallashin yadi daga tsakiya zuwa baki
da tafin hannu, a hankali,
yadda muka daidaita masa likkafani.
Kusurwar hagu ta yi 'yar tattara.
Na bar ta. Gam ba ya jin ban haƙuri.

Kafin in rufe ɗaya gefen
na mayar da ledar, na ƙara sababbin fam,
na bar takardar yadda take,
na ce wa yarinyar, "Duba da kyau.
Ke ce mai tunawa."

Da magariba na tashe ta, na fita gwaji.
Ciki fes, warin gam, rufi a miƙe kamar na mutane.
Wajen tashar mai na faɗa ramin nan na kullum,
na sunkuyar da kai yadda na saba,
ina jira.
Ba abin da ya taɓa ni.