Dutsen da Ban Jefa Ba

Ranar Talata, a bakin Kasuwar Dole,
ina kan keken ɗinkina, allura na gudu,
sai ƙara: mota ta kwashi kurar tsoho Ma'azu.
Bido goma sha biyu suka tarwatse a kwalta.
Ruwan da ya bi layi tun asuba don samunsa
ƙasa ta shanye kafin ya miƙe.

Mai motar ya fito, shaddarsa na ƙyalli.
Bai dubi jinin gwiwar tsoho ba,
fitilarsa ya duba, ya shafa ta kamar kuncin jariri,
sannan ya juyo ya zabga masa mari.
Da 'yan sanda suka zo, kurar suka kama.

Ya Yesu, ka san garinmu,
dutse ba ya tsada a Damagaram.
Ban san sa'ad da na sunkuya ba,
na dai ji shi a tafina, da zafin rana a jikinsa,
daidai hannu, daidai gilashi, daidai goshi.

Na ce, ai kai ma ka taɓa hasala!
Ka tufka bulala, ka kife teburan 'yan canji,
kuɗi suka yi ta gangara a dandamalin Haikali.
To me zai hana ni?

Ba murya na ji ba, ba zan ƙaga maka magana ba.
Tunawa na yi: a ranar nan ba ka fasa kan kowa ba,
kuma da dare ya yi a lambu,
kunnen wanda ya zo kama ka
kai ka ɗauka ka mayar masa.
Naka fushin ƙofa ya buɗe wa makafi da guragu.
Nawa, in na sake shi, wa zai shiga?
Ma'azu zai kwana a bayan kanta, ni a gefensa,
mai shadda ya sami labarin bayarwa.

Na jefa dutsen a aljihu. Ya yi nauyi.

Da dare Rifkatu ta ce, ci tuwonka,
mu 'yan tsiraru ne, wa ya aike ka?
Tsoro ne ya yi magana da bakinta, na gane muryarsa,
a cikina ma yana da ɗaki.
Amma shirun da ke barin azzalumi ya yi barci
ban iya kiransa haƙuri a gabanka ba.

Kwana uku ina kan bencin kamisariya.
Je ka dawo, je ka dawo.
Na ba da sunana, Barnaba, na ce na gani da idona.
Ma'azu na jan carbi a damana,
ni ina kiran sunanka a zuci,
muka raba ƙuli-ƙuli da ruwan leda guda.

Sun saki kurar, ƙafa ɗaya a lanƙwashe.
Marin kuwa ba wanda ya biya,
wannan shari'ar na bar ta a hannunka,
ko da yake wasu dararen nakan karɓo ta in sake dubawa.

Dutsen na nan bisa teburina,
shi ke danne yadi kada iska ta kwashe.
Kada ka kashe mini wutar nan, Ubangiji.
Ka dai gina mata murhu,
ka ɗora tukunya.