Guzurin Baba Mumuni

Wutar Aboabo ta ɗauke tun la'asar,
firij ɗin maƙwabta na ta hawaye a kan siminti,
Baba ko a jikinsa.
Shekara talatin da ɗaya yana jan babbar mota,
Kumasi zuwa Bawku, ya dawo da albasa,
bai taɓa ɗaukar ƙanƙara ba,
sau ɗaya tak cikinsa ya ɓaci,
wannan ma, in ji shi, laifin wake ne.

Ya shimfiɗa buhu a tsakar gida,
ya ba ni fitilar waya in haska.
Ya ce, Fulera, buɗe ido.
Duk abin da ke da ruwa a jiki
ba abokin tafiya ba ne.
Shinkafa da waken Hajiya Sahadatu, daɗi har kunne,
amma kafin Techiman ta fara gumi,
kafin Kintampo ta juya miki baya.

Gari kuwa ba ya fushi.
Ki manta da shi wata uku, yana nan yana jiranki.
Ruwa kaɗan, ƙullin sukari, soyayyar gyaɗa,
ya kumbura ya cika kofi
kamar talakan da aka yaba.

Ya naɗe kilishi a takarda,
ya ce leda tana sa nama zufa.
Ƙuliƙuli ya ƙwanƙwasa a haƙori, ya gyaɗa kai.
Dokunu biyu daga Mame Ajuwa, cikin ɓawon masara:
wannan da tsaminsa aka haife shi,
me hanya za ta ƙara masa?
Shito a kwalba, baƙi wuluk, mai ya rufe kansa.
Kada jiƙaƙƙen cokali ya shiga, ya faɗa sau uku.
Dafaffen ƙwai guda ɗaya, ki ci kafin Offinso,
baƙo ne da ba ya kwana.

Can ƙarshe, goro biyar cikin ɗanyen ganye,
ya ɗaure da zare, ƙulli biyu da kunne ɗaya.
Na ce, Baba, ai ba na cin goro.
Ya ce, na sani.

Asubar fari ya raka ni tasha,
bai tsaya ganin tashin mota ba.

Bayan Kintampo injin ya yi tari, ya yi shiru.
Azahar ta same mu a gindin ɗorawa, la'asar ma haka.
Matar kusa da ni ta buɗe robar shinkafarta,
ta rufe da sauri, ta kau da kai.
Ɗanta yana kuka.
Na jiƙa gari a murfin kwano, ya sha, ya lashe yatsu.
Wani tsoho da ba mu jin yaren juna
ya karɓi kilishi da hannu biyu,
dokunu ya zagaya mutum shida,
kowa da busasshen cokali, ni ce mai tsaro.

Bakanike ya iso da magariba, rai a haɗe,
ya leƙa injin, ya ce sai gobe.
Na miƙa masa goron.
Ya juya ƙullin a tafin hannu,
ya dube ni, ya sake duban zaren.
Ya ce, Mumuni yana raye?
Na ce yana nan, sai dai gwiwa.
Bai ƙara magana ba.
Ya fasa goro ɗaya, ya kwanta ƙarƙashin mota.

Tsakar dare muka tashi.

Yau kwana tara ina ɗakin shan magani na ƙauye,
babu wuta, babu firij,
kwalbar ta kai rabi.
Jiya na hau tudu na sami layi, na kira shi,
zan ba shi labarin bakanike.
Bai bari na fara ba.
Ya ce, kina dai mayar da murfin da kyau?